Iskar da Ta Riga Dutse Isowa

Sunana Sale. Tsofaffin unguwarmu ta Misfala, a nan Makka, suna ce mini Sale Tsuntsu. Kun taso kuna jin haka, ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Sai bana, da Hajara ta dawo daga wani biki a unguwar Utaibiyya fuskarta a murtuke. Wata tsohuwa ta gaya mata a tsakiyar mata cewa ubanta shi ne wanda ya tashi sama ya bar wansa a ƙarƙashin dutse. To ga dalilin. Ban yi makaranta ba. Ni nake faɗa, Hajara take rubutawa, don ita ce a cikinku Hausa ta zauna wa. Wanda bai gane ba, ta juya masa da Larabci. Sau ɗaya zan faɗa.

Daga Cadi muka zo, ta Sudan, ina ƙaramin yaro. Babanmu ya rasu a hanya. Mu uku muka iso Makka: Inna, da Yaya Haruna, da ni. Abu ɗaya na riƙe na tafiyar, shi ne jirgin katako da muka haye teku a cikinsa, mai wani babban ƙyalle da iska take cikawa ta tura mu. Ina kwance a cinyar Inna ina kallon ƙyallen yana kumbura kamar ciki. A gefen kaina akwai langarta, fara mai shuɗin fure, wadda ta ƙi sayarwa duk yunwar da muka sha. Jirgin ya yi tangaɗi, murfin langar ya bugi wani ƙarfe, gefensa ya ɓantare. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba ranar da aka binne Baba, amma ta yi kukan murfin nan.

Muka zauna a wani ɗaki a Misfala, can sama inda matakala take ƙarewa. Inna tana sayar da gyaɗa da dakuwa a bakin hanyar alhazai. Ƙaninta, Kawu Adamu, ya riga mu zuwa, yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da yake dako da ita. Yaya Haruna ya girma ya auri Ramatu, wadda kuke ce wa Gwaggo. Ni kuma na bi shi aikin fasa dutse.

A wani kwari ne, kan hanyar duwatsun Ɗa'ifa. Lokacin Makka tana ta cin dutse, ko'ina gini. Muna sa nakiya a gindin wani babban dutse, ta fashe, mu bi da guduma, motoci su kwashe. A can muke kwana, sai Juma'a mu gangaro gida. Mu mutanen fili ne. Inda aka haife mu, in ka hau jaki ka fi komai tsawo. Abin da muka sani na dutse a nan muka koya, kuma ɗaya-ɗaya muka san shi: yana ɓallewa, ya gangaro, ya yi tsalle, ya gaji, ya kwanta. Da za mu kafa rumfa, Yaya ya bi gindin dutsen da ƙafa har ya nemo wanda ya fi nisa cikin duk duwatsun da suka taɓa gangarowa. Ya hau kansa, ya yi jifa da tsakuwa iya ƙarfinsa. Inda ta faɗi, nan muka kafa. Kowa ya yaba masa. Tsakanin rumfar da dutsen akwai wani ƙaton dutse baƙi, ya fi ɗakinmu girma, muna ce masa Giwa. Bayansa muke laɓewa in an kunna nakiya.

Ranar da na fara aiki Yaya ya kama kunnena ya kai ni wurin.

“Ka ji ni da kyau. In ka ji dutse ya yi tari, kada ka gudu. Mai gudu bayansa yake ba wa dutse. Ka zo bayan Giwa ka durƙusa.”

“In Giwar ce ta tashi fa, Yaya?”

“Ranar sai ka hau ta ka koma Cadi, ka gaishe su.”

Dokarsa gaskiya ce. Ta sha ceton mu. Ku riƙe wannan, kada wani ya ce muku Yaya wauta ya yi.

A shekarar da nake ba ku labari, an yi ruwa a duwatsun nan kwana da kwanaki. Aiki ya tsaya. Shugaban aikin ya kwashi sauran mutane ya kai su gari, ya bar mu mu biyu muna gadin kaya. Da ruwan ya ɗauke, gari ya waye tas, kwarin yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar gida. Can sama a fuskar dutsen akwai wani jan zane da ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, kamar bakin zani. Da safen nan ruwa yana tsattsafowa daga saman zanen, yana ƙyalli. Biran da suke damunmu da satar burodi ba ko ɗaya. Yaya ya ce sun tafi Juma'a su ma. Muka sha shayi, muka ci dakuwar da Inna ta aiko mana a langar nan, ta ce a dawo mata da abinta ko a ga ɓacin ranta. Na ɗauki langar na sa a cikin akwatin ƙarfe na kayan aiki da ke bayan motar ruwa can gefen kwari, murfin kuwa na manta shi a kan tabarma. Da hantsi na kwance tamfal ɗin rumfa don ya jiƙe sharkaf. Na tattara igiyoyin kusurwoyinsa na naɗe a wuyan hannuna, ina jansa zuwa fili in shanya.

Ba ƙara na fara ji ba. Gani na yi. Fuskar dutsen gaba ɗaya ta sauko a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa, jan zanen yana saukowa tare da ita bai karye ba. Na tsaya ina kallo don abin yana da kyau. A tsakiyar gangaren akwai wani tudu kamar matakala. Da ta isa wurin ba ta tsaya ba, ta yi tsalle ta bar ƙasa. Na ga haske a ƙarƙashinta. In kun taɓa sakin ƙyaure ya faɗi a kwance, kun ga yadda ƙura take feshi ta gefensa, shi kuma ba ya dukan ƙasa nan take, sai ya ɗan yi sulu a kan iskar da ya danne. Haka dutsen ya yi. Ya danne iskar kwarin duka a ƙarƙashinsa, ita kuma ta nemi hanya, ta fito ta gabansa, fara fat.

“Giwa! Sale, Giwa!”

Yaya ne. Ya riga ya isa bayanta. Ya durƙusa yadda ya koya mini, kansa a ƙasa, hannu ɗaya yana yafito ni. Na ja hannuna, igiya ta ƙi. Wannan shi ne ganina na ƙarshe da shi, hannu yana kirana.

Iskar ta riga dutsen isowa. Ba irin wadda kuka sani ba ce, mai kaɗawa. Wannan duka take yi kamar bango, kuma da zafi, tana warin ƙanƙarar dutse in an ƙyasta ta. Kunnena na hagu ya yi ɗas, daga ranar bai sake ji ba. Tamfal ɗin ya buɗe a samana, ya kumbura, ƙafafuna suka rabu da ƙasa. Daga nan komai ya yi shiru. Ban ji tsoro ba, ban kuma yi salati ba, Allah ya yafe mini. Ƙyallen nan nake kallo, sai na ga ashe a jirgi nake, a cinyar Inna, muna haye teku. Na leƙa ƙasa na ga tekun. Na dutse ne. Yana tafiya a shimfiɗe, ba ya birgima, manyan duwatsu suna zaune a kansa kamar alhazai a bayan mota, ba wanda yake ture wani. Takalmina ɗaya yana tafiya kusa da ni a sama, da butar shayi, da wani farin abu yana juyi yana ƙyalli kamar wata. Na ga tekun ya nufo rumfarmu. Na ga ya isa Giwa. Bai buge ta ba, ɗaukarta ya yi, ta ɗan yi tafiya a kansa kamar yadda Yaya ya faɗa, sannan ta nutse, ya wuce ya shafe rumfar. Ban san tsawon lokacin ba. Zai yi numfashi kaɗan. A wurina ya fi shekarun da na yi a Makka tsawo.

Na farka a cikin ƙaya, a kan rairayi, a ɗaya gefen kwarin, can sama. Ba riga a jikina. Tamfal ya tafi, ya bar mini igiya ta ci naman hannuna, tabon da kuke wasa da shi kuna yara. Haƙarƙarina a karye. Sai iskar ta dawo da baya, a hankali wannan karon, tana komawa inda dutsen ya bar gurbi. Ƙura ta rufe rana ta zama ja. A cikin jan nan wani abu yake sauka a kaina, a kan duwatsun, ko'ina, shiru-shiru. Na ɗauki ɗaya. Ganyen magarya ne. Iskar ta zage itatuwan kwarin ta kai ganyen sama, yanzu tana mayar da shi. Wani Balaraben ƙauye mai kiwon awaki ne ya tsince ni.

Kai Usman, ka taɓa nuna mini irin wannan a wayarka, a wata ƙasa mai duwatsun ƙanƙara. Ka ce masana suna gardama, wasu sun ce kan iska dutsen yake hawa, wasu sun ce kan garin da yake niƙawa a ƙarƙashinsa, shi ya sa babba yake zuwa inda ƙarami ba ya zuwa. Ka yi mamaki da na tashi na bar ɗakin. Ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba. Ni dai daga sama na gani.

An kai katafila ta yi ta tono, kamar mai kwashe teku da ludayi. Aka haƙura. Akwatin ƙarfen nan kaɗai aka samu, a gefe, ya lotse, langar Inna a ciki ba abin da ya same ta. Da aka sallame ni daga asibiti, Kawu Adamu ya hau da ni matakalar Misfala. Ɗaki cike da mata. Inna tana zaune, langar a gabanta.

“Ina wanka?”

“Yana ƙarƙashi, Inna.”

“Kai kuma fa?”

“Iska ta ɗauke ni.”

Wata ta yi dariya ta toshe baki da mayafi. Wata ta ce, “Ya salam, ashe tsuntsu kika haifa, Hajiya.” Nan sunan ya fito. Inna ba ta yi dariya ba.

“Mutum na haifa. Guduwa ka yi, Sale. Ban ce ka yi laifi ba, tsoro halitta ne. Amma in kai mai gajerun ƙafafu ka tsira, Haruna ya fi ka gudu tun kuna yara. Ya bi wata hanyar. Ko makiyaya sun ɗauke shi bai san inda yake ba, ko an kama shi ba takarda an kai shi Jidda. Zai zo.”

Ta hana a yi masa salla. Ta hana Ramatu shiga takaba. Duk ranar Alhamis sai ta kwaɓa lalle ta sa wa Ramatu da hannunta, ta miƙa mata kwalli, don gobe Juma'a mijinta zai iya shigowa. Ta daka dakuwa ta cika langar, ta rufe da faifai, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon matakala har la'asar. Ni kuwa tana ba ni abinci, tana shafa mini magani a haƙarƙari, amma ba ta kallon idona. A unguwa yara suna kaɗa hannuwa kamar fukafukai in na wuce. Wannan bai dame ni ba. Idon Inna ne ya dame ni. Haka muka yi watanni, aikin hajji ya zo ya wuce.

Wata rana na tarar da Ramatu a wurin ɗiban ruwa, tana goge lallen hannunta da dutse har ya yi jini.

“Sale, ni na yarda da kai. Na san shi. In ya ce a durƙusa, zai durƙusa ko sama za ta faɗo. Amma yardata ba ta fitar da ni ba. Ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. Kullum ana yi mini kwalliya saboda mamaci.”

Na je wurin Kawu na ce ya ara mini motarsa da kansa, zan kai Inna kwarin. Yana kwance a ƙarƙashin motar yana gyara. Ya fito yana goge hannu.

“Kai dai ba ka da magana, amma in ka yi ta sai ta yi nauyi. Ka san abin da kake nema? Jiran nan shi yake tashinta da asuba. In ka wanke kanka, ka kashe mata ɗa.”

“Ya riga ya mutu, Kawu.”

“A wurinka. Shi ke nan, ka ji dai na faɗa. In ta yarda, ni direba ne.”

Na yi zaton za ta ƙi. Ta ce a tafi, za ta nuna mini hanyar da ya bi.

Da safe muka isa, mu huɗu, har da Ramatu. Hanyar mota ta ƙare tun kafin wurin, muka taka. Na bar kwarin ya yi magana. Tun ba mu ga dutse ko ɗaya ba muka fara tarar da itatuwan ƙaya a kwance, dukansu kai ɗaya suka nufa, kamar sahu a sujada. Waɗanda ke tsaye, ɓawonsu a saɓule ta gefen da ke kallon dutsen, tsakuwa ta shige cikin naman itacen. Inna ta sa farce ta ciro ɗaya, ta juya ta, ta jefar. Sai muka hau tudu, tarin ya bayyana. Ya cika kwarin daga gefe zuwa gefe, ya haura ɗaya gangaren kamar ruwan da aka girgiza a kwarya, ya tsaya da baki a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Jan zanen nan yana kwance a kansa, har yanzu a jere. Can sama, inda fuskar dutsen take a da, wani farin gurbi kamar an cire haƙori.

Kawu ya cire hularsa ya mayar. “La ilaha illallah. Wannan ai ba gangarowa ya yi ba.”

Inna ta ce, “A ina aka tsince ka?”

Na kai ta. Ta tsaya ta dubi inda nake nuna mata rumfarmu take, ta dubi ƙafafuna. Ta sake duban nisan. A kusa da wurin akwai wata tsohuwar magarya da iskar ta karya wa kai, ta tsage daga sama. Ta fara sabon toho. Ramatu ce ta ɗaga kai ta ce, “Inna.” A cikin tsagar, inda hannun mutum ba ya kaiwa, wani farin abu ya shige da gefensa kamar gatari. Shuɗin furen yana nan. Ɓantaren da jirgi ya yi masa yana kallonmu. Sai a lokacin na gane watan da ya raka ni a sama.

Inna ta daɗe a ƙarƙashinsa. Da ta yi magana, da murfin ta yi.

“Kai ma guduwa ka yi?”

Sannan ta kama hannuna, ta juya shi, ta bi tabon igiyar da yatsa har ya zagayo. Ta dube ni a ido. Na samu abin da na zo nema, kuma a take na ga abin da ya fita daga fuskarta.

“Ina Giwar?”

Na nuna mata tsakiyar tarin, daidai inda na ga ta nutse. Ta juya wurin magaryar ta fara tsinkar sabon ganye, ƙaya tana sukarta, har ta cika gefen mayafinta. Kun san da ganyen magarya ake wanke mamaci. Na ce mata ranar ma ganyen ya sauka a kansa, ya rufe ko'ina. Ta ce, “To an riga ni. Amma ni ce uwarsa.” Ta hau bakin tarin da rarrafe, ba ta yarda an taimake ta ba, ta watsa ganyen iya inda hannunta ya kai. Iskar kwarin, 'yar ƙarama, ta ɗauki wasu ta ƙara da su gaba. Ta sauko ta kakkaɓe mayafi.

“Adamu, shiga gaba.”

Muka yi masa salla a nan, Kawu a gaba, ni a bayansa, su biyu a bayana. Kawu ya ce zai hau ya ciro murfin. Inna ta ce a bar shi, ko ba komai wani nata yana kusa da shi.

Ramatu ta shiga takaba a ranar, ta fita, daga baya ta yi aurenta ta haifi 'yan'uwanku na unguwar Hindawiyya. Inna ba ta sake daka dakuwa ba. Ba ta sake zama a bakin ƙofa ba. Tana kirana in zauna kusa da ita, ta riƙe hannun nan, ta ce in sake ba ta labarin yadda abin yake a sama, in na zo wurin jirgi sai ta rufe ido. Wani hajjin bai same ta da rai ba. Kawu bai taɓa ce mini ai ya faɗa mini ba, har shi ma ya tafi. Ni na sani. In aka mayar da ni gaban Kawu a wurin motar nan yau, ban san amsar da zan ba shi ba.

Matan da suka sa mini suna ba su je kwarin ba, don haka sunan ya zauna. Ku bar su. In an sake faɗa muku, kada ku yi faɗa, ku ce haka ne, ya tashi. Langar da ke kan kabad ɗina, wadda kuka sha cewa a zubar ko a nemo mata murfi a kasuwa, Hajara ce za ta ɗauka bayana. Kada wanda ya saya mata murfi. Tana da shi.